Jarka Mai Baƙin Zare

A babbar sallar da ta wuce muna zaune a falon ɗana Usman ana cin nama, na miƙa hannu zan ɗauki ruwa, sai jikata Lujain, yarinyar da ba ta iya haɗa magana uku da Hausa ba, ta ce da Larabci wai a janye tire daga gaban Sitti, wato ni kakarta, kada ta zuba wa naman kulor, ruwan farar da tufafi. Falo ya ɗauki dariya, har da surukata da ba ta shigo gidan nan ba sai bayan an yi abin da shekaru. Ni ma na yi yaƙe, amma naman ya fita daga raina. Ke nan maganar ta wuce 'ya'ya ta kai jikoki. Gobe in na mutu abin da za a tuna ni da shi ke nan, tsohuwar da ta narkar da kan barewar mijinta saboda mugun hali. To na gaji. Maryam 'yata, ke da kika iya karatun boko, ki tara su ki karanta musu wannan, wanda bai ji Hausa ba ki juya masa.

Mahaifinku Sa'idu mahauci ne ɗan mahauci. A unguwar Tandabawi, nan Makka, aka haife shi kamar ni, kakanninmu duka a ƙafa suka zo daga ƙasar Kano suka ƙi komawa. Lokacin aikin hajji yana mayanka a Mina, sauran shekara yana shagonsa na kai da ƙafa, babbaka da kankara daga safe har la'asar. Shekara da shekaru cikin hayaƙin gashi da warin tumbi suka kashe masa hanci ƙurmus. In na sa turaren wuta bai sani ba, in miya ta ƙone bai sani ba. Ku riƙe wannan, domin a kansa labarin ya rataya. Da ya bar shago na ɗauka zan samu mijin da zai zauna mu sha shayi. Wata biyu ya yi yana zagaya gida yana gyara abin da bai lalace ba. Sai wani tsohon mai sayen namansa ya kawo masa kan rago mai murɗaɗɗen ƙaho, ya ce a cire masa nama a bar ƙashi fari, zai rataya a bangon majalisinsa, falon da yake karɓar baƙi. Daga ranar gidana ya zama maƙabartar dabbobi. Masu gonaki a wajen Ɗa'if da ke kiwon barewa suka ji labari, suka dinga aiko da kawuna a cikin kwali. Wani maƙwabcinmu har ya zo da fatawa, wai naman farauta haramun ne a cikin Haramin Makka. Mahaifinku ya ce masa na kiwo ne, kuma a bayan iyaka aka yanka, in bai yarda ba ya hau ya tambayi barewar.

Saman gida, suɗuhi, nan ya mayar wurin aikinsa, kuma nan nake shanya. Ni a lokacin haramai nake wankewa. Bayan aikin hajji alhazai kan bar su tuli a masauki, mu karɓo mu jiƙa da kulor, ruwan nan mai farar da tufafi da 'yan Kano ke ce wa bilic, mu wanke mu ninke, a saya a yi tawul da su. Ku yi tunanin fararen haramai a igiya, ƙarƙashinsu mutum yana zaƙulo ƙwaƙwalwar barewa da lanƙwasasshiyar waya. Gaskiya dai ya iya aikin, ba zan ci amanarsa ba. Zai feɗe fatar, ya cire idanu da harshe, ya sa kan a ruwan zafi da sabulun wanke kwano domin kitse ya fita. Ba ya bari ruwan ya tafasa, ya ce tafasa na zubar da haƙora ta kuma farfasa ƙananan ƙasusuwan cikin hanci, waɗanda suke sirara kamar takarda, kuma wai da su ake gane gwani. Ya canza ruwa, ya tsince da ƙaramar wuƙa, ya sake canzawa. Sannan ya naɗe gindin ƙaho da tsumma da leda, domin ƙaho da launinsa ake son sa, ya tsoma ƙashin kaɗai a ruwan oksijin, irin wanda mata ke sa wa gashi kafin rini. Ranar Makka ta ƙarasa sauran. Abu guda ya haramta, ya fi sau ɗari yana faɗa mini kamar ni na tambaye shi: kulor ba ya taɓa ƙashi. Zai yi fari tas, ya ce, amma yana ci ta ciki, ƙarshe ya koma alli.

Kulor ɗina da oksijin ɗinsa duka a fararen jarkoki suke, irin waɗanda alhazai ke bari in kaya sun yi musu yawa. Kowane gida a Makka na da su, iri ɗaya sak. Shi ya ɗaura wa tasa jan zare a mariƙi, ni na ɗaura wa tawa baƙi.

Faɗa kuwa mun yi shi. Ranar da na hau na tarar da babbar tukunyata ta tuwon suna, wadda na gada wajen mahaifiyata, da kan barewa a ciki yana kallona, unguwa ta ji muryata.

"Baban Usman, tukunyar uwata? Duk tukwanen Makka ba ka ga ta dafa mushe ba sai wannan?"

"Ba mushe ba ne, Rakiya, yankakke ne. Kuma ita kaɗai ke da faɗin da nake so."

"Wallahi ka kiyaye ni. Wata rana sai na juye wa ƙasusuwan nan kulor, su narke kowa ya huta!"

Usman yana tsaye a matakala ya ji. Maryam ta ji. Bakina ne, ban musa ba. Sau nawa na ce zan bar muku gidan in koma Kano da ban taɓa gani ba? Na tafi?

A wannan shekarar idonsa ya fara. Ni na riga kowa gani, don ni ke zaune da shi. Zai miƙa hannu ya ɗauki finjali ya kauce da ɗan yatsa biyu. Ya gaisa da mai kawo gas da sunan limaminmu. Likita ya ce yanar ido ce, a yi aiki. Ya ƙi, saboda wani abokinsa ya shiga aikin ido da ɗan gani ya fito ba ko ɗaya, kuma duk wanda ya san mahaifinku ya san in ya kafe sai Allah. Wata safiya ya yi tuntuɓe a matakalar suɗuhi ya fasa gwiwa. Usman ya zo daga wurin aiki da kwaɗo sabo a leda, ya ajiye a gabanmu. Usman, ba na zarginka, tsoro ne ya sa ka, amma ka san yadda kake in ka yanke magana.

"Abuya, halas, ya isa haka. Wuta, wuƙa, ruwan guba, ga matakala, ga ido ba ya gani. Abu ɗaya ya ƙara faruwa a saman nan, zan rufe ƙofar, in ɗauke ka ka dawo wurina a unguwar Shara'i. Akwai lif, akwai mai sanyaya ɗaki, ka huta."

"Idona ƙalau yake. Takalmi ne ya zame."

"Tayyib. Na dai faɗa."

Na kalli mahaifinku a lokacin. Na ga wata biyun da ya yi ba aiki, yadda ya dinga ramewa yana zama a bakin gado da hannuwa a cinya kamar baƙo. Na san in aka kai shi hawa na shida aka ajiye gaban talabijin, ba zai kai wata sallar ba.

Ana cikin haka Abu Nayif ya zo. Balarabe ne mai babbar gona a kan duwatsun Ɗa'if, shi ne mafi girman masu kawo aiki, kuma bakinsa ne ya tallata mahaifinku. Mutum biyu suka hau da abin da ya kawo. Wata irin barewa ce ta ƙasashen sanyi, girman saniya, ƙahonta ya yi rassa kamar busasshiyar bishiya, sai da aka karkata shi kafin ya wuce ƙofa. Mahaifin Abu Nayif ne ya sayo ta tana ƙarama, ta tsufa a gonar, da ta kasa tashi aka yanka. Ya ce babu irinta a duk yankin, kuma a majalisin mahaifinsa marigayi zai rataya. Mahaifinku ya yi kwana goma a kan wannan kai. Ya yanka tsohuwar ganga gida biyu don ya samu abin da zai ɗauke shi, ya jingine ƙahon da katako kada ruwa ya taɓa. Yana aiki yana 'yar waƙa, mutumin da ban taɓa jin ya rera ko talbiyya da daɗi ba. Saura a farar da ƙashin sai Maryam ta haihu a Jidda, na tafi na yi kwana uku.

Usman ne ya dawo da ni da hantsi. Ya tsaya sauke kaya daga mota, ni na hau in duba haramaina. Tun daga tsakiyar matakala warin ya doki hancina, har idona ya kawo ruwa. Na san warin nan fiye da turarena. Na tarar da mahaifinku a kan kujerarsa gefen ganga, fuska cike da fara'a.

"Rakiya, zo ki ga fari. Kwana biyu yana ciki. Ban taɓa samun fari irin wannan ba."

Na duba gefen ganga. Jarka ɗaya a kwance ba komai ciki, da baƙin zare a mariƙinta. Tasa mai jan zare tana jikin bango, cike, ko buɗe ta ba a yi ba. Ja da baƙi sun zama ɗaya a idonsa, hancin da zai gaya masa kuwa ya mutu tun a Mina. Na sa hannu na ɗago kan. Ƙasusuwan hancin nan da yake alfahari da su suka biyo yatsuna kamar jiƙaƙƙen burodi. Haƙori biyu suka faɗa ruwa. Ya ji ƙarar, ya miƙo hannu ya shafa goshin, ya murza yatsunsa, gari ya fito. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu a gabana haka ba. Ga takun Usman a matakala, yana hawowa da jakata yana kiran Ummi.

Ba wani dogon tunani na yi ba, babu lokacinsa. Na sa ƙafa na tura cikakkiyar jarkar bayan tankin ruwa. Na ɗauki wadda ba komai na sa haƙori na tsinke baƙin zaren, na tura shi a kumatu. Usman ya shigo, ya toshe hanci, ya kalli ganga, ya kalli ubansa, na ga idonsa ya tafi kan ƙofa inda zai sa kwaɗo.

"Ni ce," na ce, da zare a bakina. "Jarkata ce ta tsage kafin in tafi, na zubar da abin da ke cikin tasa na juye kulor ɗina. Na manta ban faɗa masa ba."

"Kin manta?" in ji Usman. "Ya Ummi, kin manta, ko kin cika alkawari? A gabana kika rantse za ki yi!"

"To na yi. Sai me? Gidana ne ko mayanka?"

Wannan ta ƙarshen ban san inda ta fito ba. Halina ne ya taimake ni, ya kuma kashe ni. Da na yi kuka na ba da haƙuri wataƙila Usman ya yi shakka, ya duba bayan tanki. Da na ɗaga murya sai kowa ya ce Ummi ce, za ta aikata. Mahaifinku ya zauna da garin ƙashi a yatsunsa.

Abin da ya biyo baya kun san rabinsa. Usman ya yi wata huɗu bai ci abincina ba, in ya zo sai ya gaishe ni a tsaye. Maryam ta bugo daga Jidda da ɗanyen jego tana kuka, wai me Abuya ya yi mini. Matan unguwa da muke wankin haramai tare suka sa mini suna Ummul Kulor, har yau akwai masu kirana da shi a gidan biki. Ranar da Abu Nayif ya zo, ni aka sa na tsaya bayan labule na ba shi haƙuri, ni da furfurata, kamar yarinyar da ta fasa tulu. Abu Nayif ya ce Allah Ya isar wa maza a kan mata. Ƙahon bai taɓu ba tunda yana naɗe kuma a saman ruwa, sai mahaifinku ya yanke shi da zarto ya kafa a katako, ya tafi da shi haka. Bai ƙara kawo aiki ba. Amma duk inda ya zauna sai ya ce Sa'idu gwani ne, matarsa ce masifa. Masu gonaki suka ci gaba da aiko da kwalayensu, wasu har da saƙon a ɓoye wa uwargida. Kwaɗon Usman ya koma cikin ledarsa.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mahaifinku. Kwana arba'in ba ya yi mini magana sai ta dole. In na ajiye abinci ya ci, in na yi sallama ya amsa a ciki. Bai hau suɗuhi ba ko sau ɗaya, kawuna biyu suna jira a firiza kusa da kajina. Na dinga cewa a raina, kai wannan bawan Allah, na sayar da mutuncina saboda kai, kuma ni kake yi wa fushi? Sau biyu na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya, na tuna fuskarsa a gefen ganga na haɗiye. Rannan bayan sallar la'asar na ji yana hawa matakala a hankali, yana dafa bango. Can ya ƙwala mini kira. Na hau na same shi ya zauna gaban ƙaramin baho da kan barewa a ciki.

"Tunda hannunki ya iya ɓarna, zo ya koyi gyara. Daga yau ke za ki dinga zuba ruwan, ni in gaya miki yawansa."

"Ni? Ni da ko warin ba na so?"

"Ke. Ɗauko jarkar."

"Wace jarka? Ai sai an sayo wata."

"Ta bayan tanki, Rakiya. Wadda kika tura da ƙafa. Idona ne ya tafi, kunnena yana nan."

Na tsaya riƙe da igiyar shanya. Ashe ya ji. Ashe kwana arba'in ɗin nan ba da ni yake fushi ba, kunyata yake ji, ya rasa ta inda zai kalle ni. Na ɗauko jarkar na buɗe, na zuba har ya ce ya isa. Ina kuka ina zaginsa a zuci, don ko na gode bai ce ba.

Kuma bai taɓa cewa ba. Shekara bakwai muka yi a saman nan tare. Shi yana tsince nama da yatsu, don yatsunsa sun fi idon kowa gani, ni ina duba inda kitse ya rage, ina naɗe ƙaho, ina manna haƙoran da suka fita, ina zuba ruwa. Ku kuna cewa hukunci ne Abuya ya yi wa Ummi, kuna dariya. Shi ma in kun yi barkwancin kulor a gaban abinci sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, ni kuwa kamar in kife masa kwanon miya. In kun tafi in ce masa, yanzu ba za ka buɗe baki ba? Ya ce in ya buɗe Usman zai kawo kwaɗo. Gaskiyarsa ce, shi ya sa ta fi ciwo. A ciwonsa na ƙarshe, ina shafa masa mai a ƙafa, ya kamo hannuna ya kai hancinsa.

"Har yanzu warin kulor kike yi?"

"Kai da ba ka da hanci ina ka sani?"

"In na tafi ki gaya musu."

"Kai ka ɓata, ni zan yi bayani? Ka tashi ka faɗa da bakinka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Bai tashi ba. Bayan rasuwarsa na so in faɗa, sai na ga kamar zan tona asirin mutumin da ba zai iya kare kansa ba, na ce bari a ƙara shekara. Shekara ta zama biyar, har Lujain ta girma ta gaji maganar.

Kan da ya lalace yana ɗakin ajiya a cikin kwali, ba ƙaho, duk wanda ya taɓa shi zai ga gari a hannunsa. Baƙin zaren yana cikin gwangwanin da nake ajiye 'yan kunnena, da shaidar haƙorina a jiki. Usman, kwaɗonka ma yana nan a ledarsa, ka zo ka ɗauki abinka, kuma kada ka zo mini da kuka, ba don ka ji kunya na rubuta ba. Ubanku ya ƙara shekara bakwai a tsaye, da wuƙa a hannu, ana sallama da shi ana cewa ina gwani. Da sunana na saya masa su, kuma da za a mayar da ni gefen gangar nan sai na sake tsinke zaren. Amma shi ya gama amfani da sunan. Ku dawo mini da abina tun ina da rai.